Telar da Ta Ɗinka wa Yara Makafi Dainaso

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa makarantar makafi, kullum ta ƙaramar ƙofa, da jaka a hammata da lema a hannu, ko ana ruwa ko ba a yi. Maigadi ya ce ya daɗe da daina duba agogo, da ya ji sallamarta ya san lokacin kaɗa ƙararrawa ya yi. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin wanki da sito. Ba shi da wani girma. Keken ɗinki na ƙafa a gindin taga, teburin yanka, benci guda, sai kantocin katako da suka kusa taɓa rufi. Takan buɗe taga, ta ɗiga wa keke mai, ta goge shi, sannan ta jawo kwandon kayan da masu wanki suka ajiye mata tun jiya.

Daga nan har rana ta yi tsaka aikinta ɗaya ne: aljihun da ya yage, gwiwar wando da ta huje, zanen gado da ya tsage, zif da ya ƙi hawa. A cikin wuyan kowace riga takan ɗinka wata alama da ƙulle-ƙullen zare da ƙaramin maɓalli, don kowane yaro ya shafa ya gane tasa ba sai ya tambayi kowa ba. Yara sun haura ɗari da arba'in, kuma duk ta haddace alamominsu. In ta yi azahar ta ɗan taɓa abinci, sai ta ture kwandon gefe, ta hau benci ta sauko da wani kwali daga kanta. Abin da ke cikin kwalin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yara suna ce mata Gwaggo. Malamai suna ce mata Gwaggo Tela. A takardun ofis kuwa an rubuta ta a matsayin mai ɗinki da gyaran tufafi, kuma har gobe haka take a rubuce. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Ni uban ɗaya daga cikin yaran da suka bi ta hannunta ne, kuma na san in ban faɗa ba, za a yi mata ɗan taro a ba ta agogon bango a tafa, shi ke nan a wuce wurin.

Farkon maganar ban gani da idona ba, daga bakin Malamar aji ɗaya na ji, wadda ita ma yanzu ta yi ritaya. Ta ce shekara ashirin da shida da suka wuce wasu masu son alheri suka aiko wa makarantar kwalaye huɗu na littattafan yara. Niyyarsu mai kyau ce, sai dai ba su yi tunanin inda suke aikawa ba. Littattafan hotuna ne masu launi, takarda sumul kamar faranti. Ga yaron da ba ya gani, shafin da aka zana giwa da shafin da ba a zana komai ba duk ɗaya ne. Sito ya cika, sai aka jibge kwalayen a ɗakin tela.

Malama takan ɗauki ɗaya ta karanta wa yara da baki. Rannan ta ɗauko wani da ke magana a kan dainaso, wato manya-manyan dabbobin nan da suka rayu suka ƙare tun kafin a yi mutum, waɗanda yanzu ƙasusuwansu kawai ake tonowa a ƙasa. Yara suka yi tsit, ko tari babu mai yi. Da ta gama suka rufe ta da tambaya, su dai a faɗa musu yadda abin yake. Ta ce kamar ƙadangare ne, amma wani ya fi ajin nan girma. Wata yarinya ta ce ita ai ba ta taɓa riƙe ƙadangare ba. In darasin kaza ne Malama takan zo da kaza a kwando, in na akuya ne a aro ɗan akuya kowa ya shafa. To dabbar da babu ita a duniya, ina za a aro ta?

Gwaggo tana bakin ƙofa da tulin riguna a hannu, duk a kunnenta. Iyakar karatunta firamare, kuma ta ce ita kanta ran nan ta fara jin sunan dabbar. Ta roƙi a ba ta littafin ta duba. Bayan kwana uku ta dawo da kwali guda da ta manna wa ƙyalle, ta yanko siffar mai dogon wuya daidai yadda take a hoto. Ta miƙa wa yara tana jiran yabo. Na farko ya shafa ya ce buta ce. Na biyu ya shafa ya ce lalle buta ce, ga bakinta ga mariƙinta. Haka abin ya zagaye aji, kowa ya ce buta. Malama ta ce dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan tebur. Gwaggo ba ta yi fushi ba. Ta karɓi kwalinta, ta rufe ido, ta shafa da kanta, sannan ta ce, "Wallahi gaskiyarsu, buta ce."

Da wani ne, da nan zai tsaya, ya ce ai ya gwada. Ita kuwa daga ranar ta fara ɗaure idonta da ɗankwali in za ta duba abin da ta ɗinka. A hankali ta gano abubuwan da babu wanda ya koya mata. Ido yakan ga ƙafa biyu ya yarda cewa sauran biyun suna ɓoye, amma yatsa ba ya yarda da abin da bai taɓa ba, don haka dole ƙafa huɗu su fito su huɗu. In ado ya yi yawa a shafi, hannu ruɗewa yake yi. Dabba ɗaya a shafi ɗaya, kuma kullum kanta yana hagu, don yaro ya san daga inda zai fara. Jiki da fata mai kaushi, ciki da yadi mai laushi, haƙora da haƙoran tsohon mataji, farata da ƙahon maɓalli da ta goga ya daina yanka. Ta daina manna su a kwali ta koma cusa musu auduga su taso. Shafukan ma na yadi ne masu kauri, ta yadda in sun yi dauɗa za a wanke. Duk wanda ta gama sai ta kai aji ɗaya, ta ce ga shi ta kawo gaban alƙalai. In yara uku a jere suka kasa gane kai da wutsiya, warwarewa take yi ta sake.

Ba dainaso kaɗai ta ɗinka ba. Akwai littafin kifaye, akwai na motoci, akwai na sassan jiki. Amma na dainaso su ne ake faɗa a kansu, su ne suka fi saurin tsufa. Na tambaye ta dalili, ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai lura yara masu ido da marasa ido duk ciwonsu ɗaya, suna son abu ƙato mai ban tsoro wanda aka tabbatar musu ba zai shigo ɗaki ba.

Yanzu bari in zo kan nawa.

Autarmu ta rasa ganinta tana da shekara biyar da rabi, bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da ita wata biyu a asibiti. Kafin nan babu wanda ya kai ta surutu a gidan. Yayyenta mata suna da wasu littattafan dainaso guda biyu, ita ta gaje su, ta haddace su ciki da bai, har takan tare baƙi a ƙofa ta yi musu jarrabawa. Da aka sallamo mu daga asibiti sai yarinyar ta zama wata daban. Magana sai dole. Abin da ya fi damun mu shi ne hannuwanta. Dunƙule su take yi ta cusa a hammata, ba ta lalube, ba ta shafa komai, ko kofi sai an kai mata baki. Uwarta ta ɓoye littattafan nan a saman durowa, ta ce ba za ta iya ganinsu ba.

Muka kai ta makarantar makafi tana da shekara shida. Zango na farko ya wuce ba ta ɗora yatsa a kan rubutun makafi ba, wato ɗige-ɗigen nan da ake karantawa da shafa. In Malama ta kamo hannunta sai ta sandare. Ana tsakiyar zango na biyu Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta yi mini magana da mutunci. Ta ce yarinyar ba ta shirya ba, kuma akwai yara da yawa da ke jiran gurbi. In zangon ya ƙare babu canji, gara mu koma da ita gida shekara guda, a sake gwadawa. Ban yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa. Amma na san in Auta ta koma ɗakin nan namu ta zauna a lungun gado, ba lalle ta sake fitowa ba. Na fito ofis na zauna a mota na fi rabin awa ban kunna ba.

Sati biyu bayan haka rigar Auta ta kama ƙusar ƙofa ta yage daga hammata zuwa ƙugu. Mai kula da yara ta kai ta ɗakin tela, ta zaunar da ita a benci, ta tsaya jira. Daga bakinta na ji abin da ya faru. Ta ce Gwaggo ba ta lallashi yarinyar ba, ba ta ma tambayi sunanta ba. Ta yafa mata zane, ta ɗinke rigar, ta mayar mata. Maimakon ta sallame su sai ta ci gaba da aikin da ke gabanta tana ƙorafi ita kaɗai, irin na manya. Wai wannan dabba mai faffaɗar ƙeya ta ishe ta, littafin da take kwafa shafinsa ya yage, ta sa mata ƙaho huɗu amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Sai aka ji murya daga benci. "Uku ne."

Gwaggo ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

"Na gani. Biyu a saman ido, ɗaya a hanci."

"To ni ban san wanda zan cire ba. Ga shi, duba mini, ina da aiki."

Ta ɗora mata shafin a cinya ta koma kan keke tana takawa. Mai kula da yara ta ce ta ƙirga, keken ya yi ɗinkin zanen gado guda cur kafin hannun dama ya fito daga hammata. Yatsa ɗaya ta fara kaiwa, sannan tafin hannu duka. Ta bi baya, ta bi ƙeya, ta iso kan. Ta kama ƙaho ɗaya ta ce wannan ne bai kamata ba, kuma na hancin ya yi tsawo, a rage shi. Gwaggo ta ce to, gobe ta dawo ta duba ko an gyara daidai.

Na sha tambayarta ko da gangan ta sa ƙaho huɗun nan. Kullum amsarta ɗaya: "Baban Auta, shafin fa da gaske ya yage." Daga nan ba ta ƙarawa. Daga baya dai na ji cewa uwar Auta ta taɓa zama a bencin nan tana jiran a rage tsawon siket, ta yi kuka ta ba da labarin littattafan da ke saman durowa.

Auta ta riƙa zuwa kullum bayan an tashi. A duk makarantar ita ce ƙaramar da ta taɓa ganin hotunan nan da ido kuma take tuna su, sai ta zama ita ce mai faɗa a ji. Wannan wuyansa bai kai ba, wancan hannuwansa ƙanana ne ƙwarai, na mai faranti a baya an manta ƙayoyin wutsiya. Rannan Gwaggo ta zube mata wasu 'yan takardu masu kauri a cinya. Ta ce sunayen dabbobin ne Malama ta buga da rubutun makafi don a ɗinka a ƙasan kowane shafi, iska ta watsar da su sun cakuɗe, ita kuma ba ta iya karanta ɗige-ɗigen nan ba. Wannan kam gaskiya ne, har yau ba ta iya ba. Auta ta ce ita ma ba ta iya ba. Gwaggo ta ce to shi ke nan, za ta ɗinka yadda suka zo hannu, in sunan mai ƙaho ya faɗa kan mai dogon wuya babu laifinta. Auta ta ce ba ta yarda ba. Washegari ta je gaban teburin Malama ta miƙa hannu biyu.

Da zango ya ƙare babu wanda ya sake tayar da maganar komawa gida. Ran da na je ɗaukarta hutu, tun daga ƙofar makaranta har gida ba ta rufe baki ba, har na ce Auta ki bari in ji ƙahon motoci. Da muka shiga ta ce a sauko mata da littattafanta daga inda aka ɓoye, za ta kai wa Gwaggo, don nata sun yayyage.

Gwaggo, ke ce kika buɗe hannun nan da likita da malami da uwa da uba suka kasa buɗewa. Ba ki yi wa'azi ba, ba ki ce mata ta yi haƙuri ba. Kin nuna mata akwai abin da ta sani wanda ke ba ki sani ba, kika bar ta da shi. Ni da na haife ta wannan dabarar ba ta zo mini ba.

Akwai kuma maganar igiya, wadda Maigadi ba ya gajiya da bayarwa. Gwaggo ta lura yaran da aka haifa ba sa gani sun ɗauka dainaso daidai tafin hannu yake, tunda iyakar abin da suka shafa ke nan. In an ce musu ya fi gida girma sai su ce to, amma ba ta shige su ba. Ta sa Malama ta duba mata tsawon mai dogon wuya a littafi, ta kwance igiyoyin shanya na ɗakin wanki ta ƙulla su, ta auna da tef ɗinta na ɗinki, gaba bayan gaba, har ta cika. Ta ɗaura tsumma a ƙarshe ta ce wutsiya ce, ta ɗaura tsohon matashi a ɗaya ƙarshen ta ce kai ne. Aka miƙe igiya a filin wasa. Yara suka jeru, kowa ya kama daga wutsiya yana bi yana ƙirga taku. Maigadi ya ce wata 'yar ƙarama ta kai taku arba'in ta tsaya ta ce ƙarya ne, an haɗa dabba biyu. Da ta isa kan matashi ta zauna a ƙasa ta ce, to me yake ci ya ƙoshi? Masu wanki sun yi kwana biyu suna mita don ba su da wurin shanya. Daga shekarar kuwa ya zama kowane sabon aji ɗaya sai ya bi igiya, kuma masu wankin ne da kansu suke kwance ta.

Abin da zan faɗa yanzu akwai kunyata a ciki. Shekarar da Auta take aji biyar aka yi taron iyaye, aka gayyato wani babban baƙo daga cikin masu kula da makarantu. Aka jera littattafan Gwaggo a tebur, aka rubuta a kwali cewa aikin sashen kayan koyarwa ne. Makarantar ba ta da wani sashe mai wannan suna. Sashen, wato Gwaggo, yana tsaye a bayan zaure da almakashi a aljihu, don labulen dandamali ya ɓalle an ce ta tsaya kusa. Ina zaune a layi na biyu, na karanta kwalin, na san ba daidai ba ne, na yi shiru.

Baƙon ya yaba ƙwarai. Ya ɗauki littafin mai ƙaho uku, wanda shi ne yara suka fi so, ya ce wannan zai tafi da shi a sa a akwatin gilas a ofishinsu, duk wanda ya shigo ya ga irin ƙoƙarin da ake yi. Aka fara tafi. Shugaba tana murmushi. Sai ga Gwaggo ta ratso tsakiyar kujeru, ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. Wannan yara suna karatu da shi, gobe ma akwai mai jiran layinsa. In aka sa shi a gilas babu mai taɓa shi, su kuma da hannu suke gani. A ba ni sati biyu in ɗinka wani sabo fil, a zo a ɗauka."

Baƙon ya tambayi ko wace ce, Shugaba ta ce telarmu ce. Ya ajiye littafin, ya ce babu komai. Washegari aka ba Gwaggo takardar gargaɗi a kan yi wa baƙo katsalandan. Ta karɓa ta linke ta sa a jaka. Ta kuma cika alkawari, cikin sati biyu ta gama sabon, ta naɗe a leda ta kai ofis. Ya yi wata shida babu wanda ya zo ɗauka. Rannan ta shiga ta ce tunda ba a zo ba a ba ta aro, ta kai aji ɗaya. Aron ke nan har yau. Don a yi adalci, Shugabar nan kafin ta bar aiki ita ta sa aka ƙara wa ɗakin tela kantoci da fitila mai haske, kuma ta faɗa da bakinta cewa ranar Gwaggo ce da gaskiya. Ni ne dai ban taɓa faɗin komai ba sai yau.

Littattafan yanzu sittin da uku ne, goma sha tara na dainaso. Kada ka ɗauka an ɗinka an gama. Hannu ɗari suna bin shafi guda a shekara, wasu da maiƙo, wasu da yawu, wasu suna gwada ko haƙoran za su cire. Duk hutu takan warware su ta wanke, ta sake cusa auduga, ta mayar da abin da ya ɓalle. Ta ce ƙahon hancin nan ta canza shi ya fi sau ashirin. Kayan aikin kuwa tsince-tsince ne. Ragowar yadi daga abokan sana'a, tsofaffin jakunkuna, takalmin da aka yar, robar tayar keke. Mijinta kafin ya rasu yakan yi mata ba'a cewa ba ya iya ajiye hula a gidansa, sai ya wayi gari ta zama kan wata dabba.

Shekara uku da suka wuce Auta, wadda yanzu take aiki a gidan rediyo tana shirya shirin yara, ta ji a wani shiri cewa masana sun gano wasu daga cikin dabbobin nan gashi ne da su irin na tsuntsu. Ta buga wa Gwaggo waya tana dariya, ta ce ashe shekara da shekaru tsirara aka bar wasu. Ta ɗauka hira ce kawai. Bayan wata guda ta kai ziyara, aka ɗora mata littafi a cinya. Gwaggo ta sa an karanta mata waɗanda abin ya shafa, ta warware shafi huɗu, ta bi su da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗinkinsa don kada ya fige. Auta ta ce ai da ta bari, wa zai sani? Gwaggo ta ce, "Yaran nan abin da na ba su shi za su riƙe. Mai ido in na yi kuskure zai ga hoto wani wuri ya gyara. Su a ina za su gyara?"

Ke ce gwanar da ba a kira sunanta a taro ba. Ke ce kika ɗauki aikin da ba a sa ki ba, ba a rubuta miki ba, kika riƙe shi shekara ashirin da shida kamar rantsuwa kika yi. Yaran da suka fara bin bayan dabbobinki da yatsa yau wasu malamai ne, wasu ma'aikata, wasu iyaye. Da yawansu a wurinki suka fara sanin cewa littafi abu ne da ake so, ba abin da ake tilasta wa mutum ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa, ya jiƙan mai gidanki. A madadina da uwar Auta da duk iyayen da ba su san abin da ake yi a ɗakin nan na ƙarshen baranda ba, mun gode.

Sai dai godiya ba ta ɗinke yagaggen shafi. An ce ba za a ɗauki wani tela ba, za a riƙa kai rigunan waje a gyaro. Rigunan za su samu mai yi. Littattafai sittin da uku ne ba su da kowa. Gwaggo ta ce za ta riƙa zuwa duk ranar Asabar da safe muddin ƙafa na ɗaukarta, kuma duk telan da yake so ya zo ta nuna masa yadda ake yi. Zuwa yanzu mutum biyu suka amsa, wata mai ɗinkin labule da wani mai gyaran kujerun mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, biyu ma da kyar. Kai da ke da keke a shago, ke da ke da shi a ɗaki, safiya ɗaya a sati ba za ta karya kowa ba. Wanda kuma yake nesa, ya duba kusa da shi, da wuya a rasa makarantar makafi ko gidan da ke da yaron da ba ya gani. Ya ɗauki littafin da 'ya'yansa suka gama da shi, ya ɗinka shafi ɗaya, ya kai wa yaron ya yi masa alƙalanci.

Makon jiya na je na same ta tana naɗe kayanta, na gaya mata zan yi rubutu a kanta. Ta ce in rufa mata asiri, me ta yi da za a buga ta a takarda? Na ce ai na riga na fara. Ta tsinke zare da haƙori. Can ta ce to tunda na nace, in rubuta cewa suna neman manyan maɓallai da fata mai kaushi, kuma duk mai zuwa ran Asabar ya zo da almakashinsa, don nata ba ta ba da aro.

Na rubuta, Gwaggo. Ƙarfe takwas ake farawa.